Wanne Ne Ba Ya Mutuwa, Yaya?



Watanni kaɗan da suka wuce, autan gidanmu ya same ni a ƙofar gida bayan isha'i. An ɗauke wuta, ina zaune a kan benci ina fifita da kwali. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karanta kimiyyar kwamfuta. Kwamfutar da yake karatu da ita, Inna ce ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da ta gada wurin mahaifiyarta, na cika abin da ya rage, aka saya masa. Ya san haka, kuma na lura abin yana masa nauyi. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, tambaya gare ni. A cikin aikin nan naku, wanne ne ba ya mutuwa?"

Na gane abin da yake nufi. Sama da shekara goma ke nan ina cin abinci da rubuta manhaja, kuma wannan gardama ta girme ni a sana'ar. Bari in ɗan warware ta saboda waɗanda ba fanninsu ba ne.

Ku ɗauki na'urar POS da ke bakin layinku. Idan mai shagon ya danna kuɗi, allo ya nuna adadi, aka turo maka saƙo, aka rubuta cinikin a rumbun bayanai na banki, wannan duk aikin matakin sama ne. Ana yin sa da yaruka irin su JavaScript da Python da PHP da Java, waɗanda ke ɗauke wa mai rubutu wahalar sanin abin da ke faruwa a cikin ƙarfen. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata manhajar da ba ka gani. Ita ke magana da ɗan ƙarfen da ke jikin katinka, ita ke gaya wa ƙaramin firinta yaushe zai ƙona takarda ya fitar da rasit, ita ke lura da batir. Wannan aikin matakin ƙasa ne, galibi da yaren C ake yin sa, kuma mai yin sa sai ya san kowane lungu na ƙwaƙwalwar na'urar, ya ƙirga wurin ajiya kamar mai awon hatsi lokacin fari. Masu matakin ƙasa suna cewa iliminsu ba ya tsufa. Masu matakin sama suna cewa a wajensu aiki yake. Ƙanena yana so ya san inda zai zuba ƙuruciyarsa.

Na buɗe baki zan ba shi amsar da na saba ba yara, sai na tuna 'yan kunnen Inna. Na ce masa ya ba ni mako guda.

A cikin makon nan na zauna na ƙirga sau nawa na koma ɗan koyo. Abin da na fara ƙwarewa a kai tun ina jami'a shi ne rubuta ƙananan manhajojin Java na wayoyin Nokia masu madanni, zamanin da kowane saurayi a unguwarmu yake kwana a 2go. Kafin in gama bautar ƙasa a 2012, Android ta fara cinye kasuwar. Na koma Flash, ina yi wa makarantu masu zaman kansu shafukan intanet masu tambari mai juyawa da rubutu mai tashi. Ban san cewa tun watan Afrilun 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓi Flash ba. Wato ina koyon abin da aka riga aka yanke wa likkafani. Kamfanin Adobe ya binne shi a hukumance ranar 31 ga Disamba, 2020, amma cinikina ya mutu tun kafin nan da shekaru.

Daga nan na kama PHP, sannan wani tsarin gina shafuka na Google da ake kira AngularJS. Na ba shi shekara biyu cur, har wasu suna turo mini yaransu in koya musu. A watan Satumban 2016 Google ta fitar da Angular 2, wanda suna kawai ya haɗa shi da na farko, an sake shi tun daga tushe. Tsohon kuwa aka daina kula da shi a ƙarshen 2021. Na sake zama ɗalibi, wannan karon na React, wanda Facebook ta saki a 2013. Sau huɗu ke nan. Na farko da na biyu ban ji komai ba, ba ni da mata ba ni da 'ya'ya. Na huɗun kuwa da jariri a ɗaki na yi shi, ina karatu ƙarfe biyun dare da fitilar waya, ina jin yara 'yan shekara ashirin sun riga ni fahimta.

Ina da aboki da muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta, shi injiniyan lantarki ya karanta. Tun a lokacin yana da wani littafin koyon C da ya yi hotonsa a shagon kwafi, na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, bugu na biyu na 1988. Shi Ritchie ɗin ne ya ƙirƙiro yaren a dakin binciken Bell da ke Amurka wajen 1972. Har yau littafin yana kan teburin abokina, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da salatif, kuma har yau abin da ke ciki yana aiki. Ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Kano da ke haɗa na'urorin cajin batirin sola. Yana rubuta manhaja a kan ƙwaƙwalwar da wurin aikinta bai wuce kilobayit 2 ba, abin da ko hoton fasfo ɗaya ba zai ɗauka ba. Duk lokacin da na je masa da kukan an sake canza mana kayan aiki, sai ya yi dariya ya ce, "Ku kullum a firamare kuke." Wallahi na sha yi masa hassada. Shekara goma yana haƙa rijiya ɗaya tana ƙara zurfi, ni kuwa ina ta tona ƙananan ramuka.

Da a ce ƙanena ya yi mini tambayar nan a 2021, da ban yi wata-wata ba zan ce masa ya bi sawun abokina. Shekarar 2023 ce ta gyara mini tunani, domin a cikinta ni da shi duka muka rasa aiki.

Ni na fara. Tun 2021 nake yi wa wani ƙaramin kamfani na Turai aiki daga gida, ana biya na da dala. Sai guguwar sallamar ma'aikata ta taso. Meta ta sallami mutum 11,000 a watan Nuwamban 2022. A watan Janairun 2023 Google ta sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Idan manyan itatuwa suna faɗuwa haka, ba a tambayar ciyawa. A watan Fabrairu na tashi da safe na tarar da saƙon layi biyar, ana gode mini.

Shi kuwa abokina, canjin kuɗi ne ya ci shi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu a hukumance wajen naira 460 ta haura 700 cikin kwanaki, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Duk ƙananan kayan da suke haɗa na'urorinsu da su daga waje ake shigo da su. Mai kamfanin ya buga lissafi ya ga sayo na'urar da aka gama haɗawa a China ya fi masa sauƙi a kan ya sayo kaya ya biya injiniya. Na'urar China kuwa da manhajarta a ciki take zuwa. Ba a bukatar abokina.

A nan na ga bambancin da ba a faɗa a gardamar. Ni cikin mako uku na samu ɗan abin yi: wata makaranta tana son shafin duba sakamako, wani mai kemis yana son lissafin kaya. Kuɗin ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na saba samu ba, kuma kowane aiki sai na yi kokawa da yara goma da suka yi kwas na wata uku suna karya farashi. Amma dai ana ɗora tukunya. Abokina kuwa, wanda ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba, wata tara ya yi a zaune. A duk garin nan kamfanonin da ke bukatar irin aikinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Idan ya duba tallan aiki sai ya ga Jamus wajen masu ƙera motoci, ko Shenzhen, ko Bangalore, ko Taiwan. Hangen Dala ba shiga birni ba. Irin aikinsa kuma ba kasafai ake ba da shi daga nesa ba, domin sai kana tare da na'urar a kan tebur da kayan awonta. Har gyaran inbata ya koma yi a shagon wani ƙaninsa.

Sai na fahimci cewa kowannenmu da irin haɗarinsa. Ni kamar ɗan kasuwar Kwari nake: masu saye da yawa, masu sayarwa da yawa, yayi kuma yana wucewa ya bar ka da kaya a shago. Shi kuwa kamar maƙerin da ya iya ƙera abin da ba kowa ya iya ba, amma mai sayensa mutum ɗaya ne a gari. Iliminsa ba ya ruɓewa, ƙofofinsa ne kaɗan. Nawa ƙofofin da yawa, amma kayan aikina ba sa shekara biyar.

Kada kuma a ɗauka matakin ƙasa ba ya girgiza ko a can inda masana'antun suke. A watan Fabrairun 2011 Nokia ta sanar da cewa za ta bar tsarinta na Symbian ta koma Windows Phone. Dubban injiniyoyi a Finland da wasu ƙasashe da suka kwashe shekaru suna ƙwarewa a wani nau'in C++ mai wuyar sha'ani na Symbian suka wayi gari kasuwarsu ta tashi. Intel, wadda ita ke ƙera ƙwaƙwalen kwamfuta da kanta, ta sanar da rage ma'aikata kusan 15,000 a watan Agustan 2024. Shi kansa yaren C ana matsa masa lamba. Microsoft ta bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da take toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ma'adanar kwamfuta suke fitowa, irin kurakuran da C da C++ ke ba mutum damar yi. A watan Disamban 2022 aka buɗe wa sabon yaren Rust ƙofa a zuciyar Linux, a watan Fabrairun 2024 kuma fadar White House ta fitar da rahoto tana kira a koma ga yarukan da ke kare wannan ɓaraka. C ba zai ɓace gobe ba, amma wanda ya ce ba zai sake koyon komai ba yana yaudarar kansa.

Haka nan ba duk abin matakin sama ne ke mutuwa da wuri ba. COBOL yaren matakin sama ne, an yi shi a 1959 don lissafin kasuwanci. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, da mutane suka yi cincirindo wajen neman tallafin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin tsofaffin kwamfutocin jihar da shi suke aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Yaren SQL na rumbun bayanai tun shekarun 1970 yake, kuma abin da na koya a kansa a aji biyu na jami'a shi ne abu ɗaya tak da ban taɓa zubarwa ba. PHP da ake ta yi wa dariya shekara da shekaru, a kansa WordPress take, ita kuwa tana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet.

To me ya haɗa COBOL da C da SQL, ya raba su da Flash da Symbian? Ba mataki ba ne. Abu biyu na gani. Na farko, Flash da Symbian da AngularJS kowanne a hannun kamfani ɗaya yake, ranar da kamfanin ya juya baya shi ke nan. Na biyu, abin da ke daɗewa shi ne abin da aka ɗora masa dukiya da amana har cire shi ya fi barin sa tsada. Wannan na biyun a Kasuwar Singa na gan shi da idona.

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari da na yi wa manhajar lissafi tun 2015, da tsohon PHP ɗin nan. Na ma manta da ita. Ana tsakiyar wahalar nan ya kira ni ya ce, "Injiniya, abin nan naka ya tsufa. Rufe lissafin yini sai ya ci minti ashirin, yara suna tsaye." Wani matashi ya riga ya ba shi shawara a zubar da ita a gina sabuwa da kayan zamani. Alhaji ya ce ina, bashin shekara takwas na abokan cinikinsa ne a ciki, ba zai bari a taɓa ba.

Na kwana biyu ina dubawa ban ga laifin rubutuna ba. Na kai wa abokina, wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na PHP ba. Bai ko kalli allon sosai ba ya ce, "Sau nawa take zuwa faifai ta ɗauko abu?" Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba ke nan, domin a matakinmu an ɓoye mana faifai. Da muka ƙirga, ashe kowane abokin ciniki sai ta je ta nemo shi shi kaɗai, ta kuma bi dukkan rumbun daga farko har ƙarshe, kamar mai neman suna a littafin da ba shi da fihirisa. Muka sa fihirisa, muka haɗe dubban tambayoyin suka zama ɗaya. Minti ashirin ya koma daƙiƙa kaɗan. Tun daga ranar Alhaji yake biya na wani abu duk wata don in riƙa kula da ita, ya kuma haɗa ni da maƙwabtansa uku. Ba don na fi matashin nan iya sabon yayi ba. Don na san yadda Alhaji ke rubuta bashi, na san wanda ake ɗaga wa ƙafa zuwa bayan sallah, na san kwali nawa ke cikin dila, kuma yanzu na san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rubutuna.

Shi ma abokina hawowa sama ya yi kafin ya samu mafita. Ya koyi Python cikin 'yan makonni, yana mita wai yaren ragwaye ne. Ya haɗa wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki, wadda ke aiko da rahoton lafiyar batir da famfon rijiyoyin burtsatse masu sola, don masu girka su su san matsala kafin a kira su daga ƙauye. Ni na yi masa shafin da ake ganin rahoton. Bai yi kuɗi ba, amma ya bar shagon gyara, kuma yanzu abokan cinikinsa sun fi ɗaya.

Na san wani zai ce ina batun ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, shafin rajista da nake caji a kansa in yi kwana biyu ina yi, yanzu cikin minti ɗaya take zubo shi. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma ƙananan ayyukan matakin sama da sabon shiga ke fara cin abinci da su ne suka fi jin jiki. Tana rubuta C ma. Abin da na lura kawai shi ne, ba ita ta gano cewa na'urar abokina tana sake kunna kanta duk lokacin da famfo ya tashi saboda wutar da yake ja ba. Shi ya tsuguna a rana da abin awo ya gano. Kuma idan lissafin Alhaji ya ɓace, mutum zai kira, wanda ya san gidansa.

Da mako ya cika, na kira auta muka zauna a bencin nan. Na ce masa ya fara da matakin sama, domin a inda muke nan ne ƙofofi suke, kuma mai jin yunwa ba ya zurfafa ilimi. Amma kada ya auri kayan aikin kamfani ɗaya, ya ɗauke su kamar rigar yayi. Na ce duk mako ya ware yini guda ya sauka ƙasa: ya koyi C, ya san yadda ma'adana ke aiki, yadda saƙo ke tafiya a waya, yadda rumbun bayanai ke nemo abu, ko da ba za a taɓa biyan sa a kan haka kai tsaye ba. Na ce ya zaɓi wata harka ta mutane, ko asibiti ko kasuwa ko noma ko wutar sola, ya san ta kamar ɗan gida. In kuma zuciyarsa ta karkata ga ƙarfe, ya bi, amma ya shiga da ido buɗe: ya san cewa ko dai ya shirya barin gari, ko ya shirya ƙirƙiro wa kansa kasuwa. Na ƙara da abin da ba a koyarwa a aji, cewa ranar da ya fara samu ya riƙa ajiye na wata shida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ban yi ba, na kuma ɗanɗana.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Yaya, ai ba ka faɗi wanda ba ya mutuwa ba."

Na ce, "Babu shi. Na duba."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Na ga alama ya so in ba shi suna ɗaya ya riƙe ya huta, kamar yadda ni ma na so a ba ni a shekarunsa.

Bayan kwana biyu na dawo daga kasuwa na tarar da shi a tsakar gida, kwamfutar a cinya, ga littafin abokina mai salatif a gefe, ya je ya aro. Yana fama da wani kuskure da ya hana shirinsa tashi tun azahar. Inna tana tankaɗe a gefe, ta ɗago ta ce mini, "Wai shi wannan abin nasa, yaushe zai fara kawo kuɗi ne?" Na ce mata da saura, Inna, amma yana kan hanya. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta. Na lura har yanzu zare ne a kunnenta, ta sa don kada hudar ta toshe.

Sai wani makon in Allah ya kai mu.